Darasin Da Ke Cikin Gajeren Itacen Ceri

Duk wanda aiki ko neman ilmi ya taɓa kai shi Ingila ko Jamus tsakanin watan Yuni da Yuli, da wuya ya dawo bai ga wani ɗan itace ba da a kan ajiye cikin tukunya a ƙofar gida ko a barandar bene, tsawonsa bai ɗara na mutum da wani abin kirki ba, ga shi kuwa ya yi luƙu-luƙu da jajayen 'ya'ya masu kama da manyan 'ya'yan magarya. Wannan shi ne itacen ceri. Yawancin ma'aikata da ɗalibai da suka gan shi, abin da kan fara zo musu a rai shi ne yadda za su sami irinsa su kai gida. Sha'awar ba laifi ba ce. Amma fa akwai abin da ya fi itacen daraja a cikin tukunyar nan, watau aikin da masana suka yi shekara da shekaru kafin itacen ya yarda ya zauna a cikinta. Wannan aiki shi ya kamata a ɗauko a kawo gida, shi kuwa itacen a bar wa masu shi abinsu.

Kafin a yi nisa, ya kamata a rarrabe sunaye. Masu talla a kasuwannin ƙasar nan su kan kira agwaluma da sunan ceri in suna magana da Turanci, alhali kuwa ba su haɗa dangi ba ko kaɗan. Ceri na ainihi itace ne na ƙasashen sanyi, asalinsa Turai da yammacin Asiya. An ce ma sunansa yana da alaƙa da wani tsohon gari da a ke kira Kerasus, wanda yanzu shi ne Giresun a ƙasar Turkiyya, kuma har yau Turkiyya ce ke gaba da kowace ƙasa wajen yawan nomansa.

In an bar shi yadda Allah ya halicce shi, ceri ƙaton itace ne, ya kan kai ƙafa 60 ko fiye. A gonakin Kent ta Ingila, inda aka shahara da shi tun zamanin Sarki Henry na Takwas, da dogayen tsani a ke hawa a tsinko 'ya'yansa. Irin wannan itace yana da aibi huɗu ga mai ƙaramin gida. Na farko girma, don zai cinye tsakar gidan duka. Na biyu jinkiri, don ya kan ɗauki shekara shida ko bakwai kafin ya yi 'ya'yan kirki. Na uku, yawancin irinsa ba sa haihuwa su kaɗai, sai an dasa wani iri dabam a kusa, ƙudan zuma su ɗauko garin fure daga wannan su kai wa wancan. Na huɗu tsuntsaye, don ba mai iya rufe itace mai ƙafa 60 da raga. Saboda haka shekaru aru-aru ceri ya zama itacen masu manyan gonaki, talakan birni sai dai ya saya a kasuwa in yana da hali.

Yadda Aka Rage Masa Tsawo

Dabarar da aka bi ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san mangwaro mai aure. A kan yanko reshen itacen da a ke son 'ya'yansa, a ɗaura shi a kan gindin wani. Reshen shi ke da 'ya'ya, gindin kuwa shi ke da iko da girman itacen da saurin haihuwarsa. To, abin da ya gagara shi ne samun gindin da zai hana ceri tsawo ba tare da ya kashe shi ba.

Tashar bincike ta East Malling a Kent, wadda aka kafa a 1913, ita ta fara yin suna wajen tantance gindin tuffa. Amma ceri ya ba ta wuya. A 1958 ne aka haɗa irin da ya zama gindin da a ke kira Colt, ba a kuwa sake shi ga manoma ba sai a 1977, watau bayan shekara 19 ana gwaji. Duk da haka Colt bai rage tsawon itacen sosai ba. Jamusawa ne suka ƙarasa aikin. A Jami'ar Giessen, Werner Gruppe da Hanna Schmidt suka shiga haɗa ire-iren ceri na daji da na gida a shekarun 1960, aka sami dubban tsirrai, aka yi ta zubarwa ana tsamo na kirki, har aka shafe fiye da shekara 20 kafin gindin da a ke kira Gisela 5 ya shiga hannun manoma. Itacen da aka aura a kan wannan gindi ba ya wuce rabin girman na asali, a ƙasa ya kan tsaya wajen ƙafa 8 zuwa 10, a tukunya kuwa bai kai haka ba, kuma a shekara ta uku ya kan fara ba da 'ya'ya.

Matsalar barbara kuma daga wani gefe aka ɓullo mata. Masana na cibiyar John Innes a Ingila suka haska garin furen ceri da hasken nan da likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, suka sami wani tsiro da ke iya haihuwa da garin furensa. Daga wannan tsiro ne wani masani mai suna K. O. Lapins, a tashar Summerland ta ƙasar Kanada, ya haɗa iri a 1956, ya fito da ceri mai zaƙi da a ke kira Stella a 1968, wanda ba ya bukatar abokin zama. A 1973 tashar ta sake fito da gajeren irinsa. Da aka haɗa reshe mai haihuwa shi kaɗai da gindi mai hana tsawo, sai ga ceri ya shigo baranda.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da aka gama a ƙasa da shekara 12. Kuma dukansu a tashoshin bincike da jami'o'i aka yi su, inda aka ci gaba da ba masana albashi da filin gwaji ko da ba su da abin nunawa a ƙarshen shekara. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Hidimar Itacen Tukunya

Kada a zaci da an sa itacen a tukunya an huta. Baturen da ke da ceri a baranda yana yi masa hidima kamar mai kiwon ɗan tunkiya. Tukunyar sai ta kai inci 18 zuwa 20 a faɗi da zurfi, da huji a gindi don ruwa ya riƙa tsiyayewa, gama ceri ba ya jure wa laka a saiwarsa. A kan dasa shi lokacin sanyi sa'ad da ya zubar da ganye, a kuma bar wurin auren a saman ƙasa, don in an binne shi reshen zai yi tasa saiwar, itacen ya koma ƙato kamar kakanninsa. In zafi ya zo, kullum sai an ba shi ruwa. A kan sa masa taki irin wanda a ke sa wa tumatir daga lokacin fure har 'ya'ya su nuna. Kowace shekara a kan kwashe ƙasar sama kamar inci biyu a zuba sabuwa, bayan shekara biyu ko uku kuma a fitar da itacen ɗungum a rage masa saiwa.

Sassabe ma yana da lokacinsa. Da zafi a ke yi masa, domin in an yanke shi cikin sanyi da laima, cututtuka su kan shiga ta wurin yankan. In dare ya yi barazanar jaura sa'ad da itacen ke fure, sai a lulluɓe shi da mayafi ko a jawo tukunyar ƙarƙashin rumfa. In ruwan sama ya sauka 'ya'ya suna dab da nuna, su kan tsattsage. Gindin Gisela 5 kuma yana da halin sa itace ya ɗauki 'ya'ya fiye da ƙarfinsa, in ba a rage ba su fito ƙanana. Daga ƙarshe ga tsuntsaye, waɗanda kan riga mai gida sanin ranar da ceri ya nuna. Bayan duk wannan wahala, abin da a ke samu bai wuce 'yan kwanoni kaɗan ba. Amma na mai gida ne, yaransa sun ga yadda fure ke zama abinci, kuma ba a gona ya samu ba, a ɗan wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba.

Abin Da Ya Sa Ba Zai Yi A Nan Ba

To, me zai hana ma'aikaci a Kano ko Sakkwato ko Zinder ya bi waɗannan ƙa'idodi ya sami nasa? Abin da zai hana shi sanyi ne. Ceri kan yi barci a lokacin sanyi, kuma ba ya farkawa sosai sai ya tara sa'o'i masu yawa a cikin sanyin da ya sauka wajen digiri 7 a ma'aunin Santigireti. Yawancin ire-irensa suna bukatar sa'a 700 zuwa fiye da 1,000. Ko sababbin ire-iren da aka fitar a Kalifoniya domin wurare masu ɗumi, suna neman sa'a 200 zuwa 300. Hunturun da ke sa mutanen Kano jin wuta da asuba, a watan Janairu wajen digiri 13 ya kan tsaya da dare, rana na fitowa kuma ya gudu. Ko a Jos, da ke kan tudu mai tsawon wajen ƙafa 4,000, dararen da sanyi kan kai digiri 7 'yan kaɗan ne. Itacen da bai ƙoshi da barci ba, tohonsa kan fito a warwatse, furensa ya ƙaranta, ga kuma zafin bazara mai kai wa digiri 40 yana jiransa. Ƙarshensa sai ya yi ta ramewa shekara biyu ko uku ya mutu, mai shi yana zargin gara ko mai ban ruwa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma haɗarin da ya fi asarar kuɗi. Mai ɓoye dashe a cikin akwati ya shigo da shi ba tare da sanin hukuma ba, bai san abin da ya ɗauko a jikin saiwar ba. A 1910 birnin Tokyo ya aika wa birnin Washington kyautar itatuwan ceri masu fure guda 2,000. Da ma'aikatan gona na Amurka suka duba suka tarar da ƙwari da tsutsotsi, sai aka ƙone su ƙurmus da yardar Shugaba Taft, ba a ji kunyar mai kyautar ba. Sai a 1912 aka sake aiko da wasu 3,020 masu lafiya, waɗanda suka zama tushen bikin fure da a ke yi a birnin kowace shekara. Afirka kuwa ta ɗanɗana kuɗarta ta wannan hanya. Ƙwaron rogo da aka fara gani a yankin Kongo a 1973, daga Kudancin Amurka ya zo a jikin irin rogo, ya kuma yi ɓarna a ƙasashe da dama har da Nijeriya kafin a shawo kansa. Don haka dokar da ta ce kowane dashe sai ya bi ta hannun Hukumar Killace Tsirrai da Dabbobi tana da dalili.

Wannan ba yana nufin duk itacen waje abin gudu ne ba. Mangwaro da darbejiya daga Indiya da maƙwabtanta suka fito, gwaiba da gwanda daga ƙasashen Amurka masu zafi, yau kuwa sun zama 'yan gida. Sun yi ne domin yanayin da suka baro ya yi kama da wanda suka tarar. Wanda ya matsu sai ya ga jajayen 'ya'ya a tukunyarsa, akwai itatuwa biyu na ƙasashen zafi da a ke laƙaba wa sunan ceri. Ɗaya shi ne aserola, ko cerin Barbados, gajeren itace mai jure wa sassabe, mai haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara in yana samun ruwa, wanda sinadarin bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemon zaƙi fiye da sau 20. 'Ya'yansa ba sa kwana uku ba su lalace ba, shi ya sa ya fi dacewa da tsakar gida a kan kasuwa. Ɗayan kuma pitanga ne, ɗan asalin Brazil, wanda a kan yi shinge da shi.

Wa Ke Bukatar Gajeren Itace?

Babban darasin dai ya wuce batun ceri. A dubi zaman ma'aikaci a yau. Ko yana gidan gwamnati, ko yana gidan haya, ko ya samu ya gina nasa a ɗan fili wanda ɗakuna suka cinye, saura kuma aka malale da siminti. Na gidan gwamnati ba ya dasa mangwaro, don ya san takardar canjin wurin aiki za ta riga itacen haihuwa. Ɗan haya ba ya dasawa, don mai gida zai ce saiwa za ta fasa masa gini. Mai ɗan fili kuma ba shi da wuri. Sa'an nan in lokacin gangamin dashen itatuwa ya zo, abin da a kan fi rabawa shi ne darbejiya da turare da makamantansu, itatuwa masu amfani ƙwarai a bakin hanya da fagen yaƙi da hamada, amma ba su da masauki a tsakar gida mai taku goma. Sakamakon haka shi ne yara suna tashi a unguwanni sababbi ba su taɓa tsinkar ɗan itace da hannunsu ba.

Itacen da ke zaune a rabin duro ya warware duk wannan. Ba ya taɓa gini, ba ya neman izinin mai gida, ran da aka yi wa ma'aikaci canji kuwa sai a ɗora shi a mota tare da gado da kujeru. Lemon tsami da rumman da gwaiba duk suna iya zama a babban mazubi in ana rage musu rassa. Abin da ya rage shi ne a sami ire-iren da aka tantance domin wannan zama, kamar yadda aka yi wa ceri.

Wasu ƙasashe masu zafi sun riga sun nuna hanya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Indiya da ke Delhi ta fito da gajeren mangwaro mai suna Amrapali, wanda a ke dasawa kusa da kusa. A Jamhuriyar Nijar, tashar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa auren magaryar Indiya a kan gindin magaryar gida, aka sami 'ya'ya manya da a ke kira tuffar Sahel, a jikin itacen da ya riga ya saba da fari. Ashe ba hikima ce ta ƙare ba.

Lalle za a sami masu cewa wannan zancen 'yan boko ne da suka ƙoshi, ƙasar da ke fama da tsadar hatsi ba ta da lokacin itacen tukunya. Gaskiya ne gero da dawa da masara su ne gaba, kuma ba wanda ya ce a rage musu kaso. Amma tuwo kaɗai ba ya gina jikin yaro, kuma kayan marmari su ne abin da magidanci kan fara sokewa in albashi ya gaza. Wasu kuma za su ce ina ruwan da za a ba itace kullum a garin da a ke sayen ruwa a kura? Wannan hujja ce mai ƙarfi, gama itacen tukunya ya fi na ƙasa jin ƙishi. Sai dai a kowane gida ana zubar da ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya a rariya, wanda ya isa ya rayar da itace ɗaya ko biyu, muddin ba mai sabulu ba ne.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, Cibiyar Binciken Kayan Lambu da 'Ya'yan Itatuwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a 1975 kuma ta ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da sassan aikin gona na jami'o'i, ya kamata a ɗora musu aikin tantance gajerun ire-iren mangwaro da lemo da gwaiba da magarya da suka dace da ƙaramin gida. A kuma ware musu kuɗi na dogon zango, a rubuce, yadda sauyin gwamnati ko na kwamishina ba zai tsinke gwajin a tsakiya ba. Aikin da ya ci shekara 19 a Kent ba zai ƙare a cikin kasafin shekara guda a nan ba.

Na biyu, ma'aikatun gona da na gandun daji na jihohi su ware wani kaso na dashen da su ke rabawa ya zama na 'ya'yan itace masu aure, kowane da takardar sunansa da bayanin yadda a ke kula da shi cikin Hausa. Na uku, a mai da auren itace darasin hannu a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai. Wuƙa ce mai kaifi da ɗan ƙyallen leda, ɗalibi kan iya koyo a yini guda, kuma sana'a ce da za ta ciyar da shi. Na huɗu, masu tsara rukunin gidajen ma'aikata su riƙa barin ɗan wuri a kowane gida ba siminti. Na biyar, masu sayar da dashe a bakin titi su ji tsoron Allah su daina sayar wa mutane itacen da suka san ba zai haihu a ƙasar nan ba, hukuma kuma ta sa musu ido.

Shi kuma ma'aikaci ko ɗalibi ba sai ya jira gwamnati ba. Rabin duro da aka huda gindinsa, da ƙasa mai yashi-yashi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, da dashen lemon tsami mai aure, sun ishe shi farawa da faɗuwar damina. In tsuntsu ya riga shi ɗanɗanawa, kada ya ji haushi, gama malamai sun karantar da cewa abin da tsuntsu ko dabba ko mutum ya ci daga itacen da Musulmi ya dasa, sadaka ce a gare shi.

Allah ya sa masu riƙe da al'amura su duba.